Shekarar da Aka Shigo da Duna Cikin Gari

Ku 'ya'yana, akwai shekara ɗaya da duk wanda kuka tambaya a gidan nan sai ya ba ku labarinta daban. Wasu sun ce muku aljanun lambu ne suka taɓa mahaifinku. Wasu sun ce hannu aka sa masa saboda kasuwa. Na ji har akwai wadda ta gaya wa ƙaramarku cewa taɓin hankali ne, wai a dangi yake. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin a lokacin bakina ba ya iya ɗaukar maganar. Yanzu ƙarfi yana raguwa, ido ma sai da tabarau, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na gani. Abin da ban gani ba kuma zan faɗi wanda ya gaya mini.

Mahaifinku ɗan kasuwar fata ne kamar kakanninsa da suka zo daga Turabulus, amma ransa yana lambu. Yana da wani lambu a bayan gari, in an fita ta Ƙofar Na'isa aka miƙa, inda ya dasa mangwaro da gwaba, yake kuma turke raguna duk shekara don kasuwar Babbar Sallah. Bayan an taɓa kwashe masa raguna ne ya nemo kare. Baƙi ne wuluk, shi ya sa mai gadin lambun, Malam Idi, ya sa masa suna Duna. Kafin ya ajiye shi sai da ya tambayi malamai, suka ce masa karen tsaron dabba ba laifi. Duk da haka ba ya son maganar ta fita. A unguwarmu, Soron Ɗinki, mutumin da ake turawa gaba ya ja salla in liman ya yi tafiya, ba a jin sunansa tare da na kare. Mu dai a gida mun san da Duna, domin duk ranar da aka yi nama sai ya sa in tara ƙasusuwa a leda. In na ce na wa, sai ya ce na ma'aikacinsa ne, wanda bai taɓa neman ƙarin albashi ba.

A shekarar da nake faɗa, Sallah ta zo cikin damina. Ana saura 'yan makonni, Malam Idi ya tafi garinsu jinyar mahaifiyarsa, wani maƙwabcin lambu ne yake leƙa ragunan. Wata rana da hantsi sai na ji motar mahaifinku ta tsaya dab da ƙofar shagon waje, wannan ɗakin da ke jikin zaure wanda yanzu kuke ajiye babura. Ya leƙo ya yafuto ni da hannu. Da na je na tarar da kare kwance a kan buhu. Ran nan na fara ganin Duna da idona. Ya ɗago kai, ya dafa ƙafafun gaba zai miƙe, sai na baya suka ƙi. Ya ja jikinsa kaɗan, suna biye da shi a ƙasa kamar ba nasa ba. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba, wutsiyarsa ma ba ta motsi. Kallon mahaifinku kawai yake yi.

Kakarku Hajiya tana da rai a lokacin, kunnenta kuma ya fi na kowa a gidan. Ta fito da sandarta har bakin zaure.

"Auta, me nake ji? Kare a gidan ubanka?"

"Hajiya, ba cikin gida ba ne. Shagon waje ne, ƙofarsa ma titi take kallo."

"To mala'ikun rahama ka yi shawara da su, suka ce maka shago ba gida ba ne?"

Ya yi dariya ya durƙusa gabanta, da furfurarsa da komai. Ya ce, "Dabba ce ta yi mini aiki shekara da shekaru. In ta kwanta sai in bar wa ungulu? Habibu zai duba shi, in ya miƙe in mayar."

Ta ce, "Allah Ya shirye ka. Kada dai ya kusanci buta ko ƙwarya."

Habibu shi ne kawunku, ƙanina, likitan dabbobi. Tsakaninsa da mahaifinku wasa ne tun ranar da aka ɗaura mana aure, kamar yadda aka saba tsakanin miji da ƙanin mata. Ya zo daga unguwarsu Kabara bayan azahar da jakarsa. Yana sallama mahaifinku ya tare shi.

"Ga likitan awaki! Yau an yi maka ƙarin girma, kare za ka duba."

"Ai ba yau na fara manyan dabbobi ba, Alhaji. Mijin yayata ma ni nake dubawa."

Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallo. Abin da ya fara yi shi ne sa safar hannu, sannan ya ɗaure bakin karen da bandeji. Mahaifinku ya ce wannan ko ɗan akuya ba ya cizo, Habibu ya ce shi ma bai ce zai ciza ba, haka aikin yake. Ya tallafo ƙugun karen, ya lanƙwasa tafin ƙafar baya ya ɗora bayanta a ƙasa. Ƙafar ta zauna a haka, a juye. Ya yi wa ta gaba irin wannan, nan take karen ya gyara ta. Ya ce mana ta gaba ta san an juya ta, ta baya ba ta san inda take ba. Ya kwantar da shi, ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa da bayan almakashi, gwiwar ba ta motsa ba. Ya ɗauko hantsaki ya matse yatsar ƙafar, yana kallon fuskar karen. Ya ce ƙafa tana iya janyewa ko da kai bai sani ba, amma in dabba ta waiwayo to saƙon ya isa sama. Duna ya waiwayo a hankali. Daga nan ya bi gadon bayansa yana dannawa gaɓa bayan gaɓa, tun daga wuya har gindin wutsiya. Karen bai yi ƙara a ko'ina ba.

Na ce masa ni ban gane komai ba. Sai ya juyo gare ni.

"Yaya, kin san laka? Farin abin nan mai laushi da kike gani cikin ƙashin wuyan rago in an sara?"

Na ce na sani.

"Ita ce babbar hanya. Daga ƙwaƙwalwa take saukowa ta cikin ƙashin baya, jijiyoyi suna rabuwa daga jikinta kamar lunguna daga babban titi. Kai ya ce ƙafa ta taka, saƙo ya bi ta nan ya sauka. Ƙaya ta soki ƙafa, saƙo ya bi ta nan ya hau. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai ɗan guringuntsi kamar matashi. In ya goce ya danne lakar, ko aka maka wa kare sanda a baya, duk abin da ke ƙasa da wurin sai ya daina jin magana."

Mahaifinku ya ce, "To shi ke nan. Ɓarayi ne suka make shi."

"Wataƙila. Amma da haka ne, da na danna wurin zai yi ƙara, gwiwar nan kuma da ta harba, har fiye da ƙima. Wannan ƙafar sakwaf take kamar tsumma. Shi ne bai kwanta mini ba. An taɓa yi masa allurar rigakafi?"

"Karen lambu? Ni kaina yaushe rabona da allura?"

"Wani abu ya taɓa cizonsa?"

Mahaifinku ya yi tunani, ya ce Malam Idi ya taɓa gaya masa wani baƙon kare ya shigo lambun a farkon damina, suka yi faɗa, ya ji wa Duna ciwo a cinya, aka shafa toka ya warke. Habibu ya buɗa gashin cinyar ya ga tabon. Ya daɗe yana kallonsa. Ni na raini Habibu, na san fuskarsa tun yana goye, kuma na ga wasan ya fita daga cikinta.

Ya ce, "Alhaji, ciwon baya a wuri ɗaya yake tsayawa. In kuka ga abin yana hawa, ya kama ƙafafun gaba, ko murya ta sauya, ko baki ya saki, to ba baya ba ne. A kulle shagon nan. A tura masa abinci da ruwa da sanda. Kada kowa ya taɓa bakinsa ko yawunsa."

"Hauka kake nufi? Habibu, ka taɓa ganin mahaukacin kare kuwa? Ni na gani muna yara. Gudu yake yi, ido jawur, har turmi yake cizo. Dubi wannan bawan Allah."

"Iri biyu ne, Alhaji. Akwai mai gudu, akwai mai kwanciya."

"Kamar likitoci ke nan."

Habibu bai yi dariya ba. Ya nemi a kai karen wurin aikinsu a sa shi a keji, mahaifinku ya ce ya ratso unguwa da shi sau ɗaya ba wanda ya gani, ba zai sake ba. Shi kuma Habibu washegari aka tura shi wata kasuwar dabbobi ta kan iyaka, aikin duba ragunan Sallah. Ya bar mana gargaɗin ya tafi.

Mahaifinku bai bar tunanin sanda ba. A ganinsa baya ne ya yi rauni, abin da ke ƙarfafa baya kuma ɓargo ne. Kullum sai an dafa romon ƙashi an zuba a tsohon kwano, ya kai da kansa. Da farko yana turawa da sanda yadda aka ce. Ni ban sake shiga shagon ba, amma ina jin yadda kukan karen ya koma wani iri, a dushe, kamar na wanda mura ta kama.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, na tafi suna Kabara ran nan. Hajiya ce ta ba ni labarin daga baya, kuma na san ba ta rage ba ta ƙara ba. Ta ce, yadda shi ya gaya mata, ya shiga shagon da rana sai ya tarar bakin karen a buɗe, haɓa ta saki, yawu yana zuba, yana wani kakari kamar abu ya tsaya masa a wuya. Mutumin da ya kwana biyu yana ba kare romon ƙashi, me zai zo masa a rai? Ƙashi ne ya maƙale. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya zura hannunsa har maƙogwaro yana lalube. Bai samu komai ba. Wajen zaro hannun haƙori ya karce shi a gindin babban yatsa, ɗan jini ya tsattsafo. Karen bai cije shi ba. A lokacin ba ya ma iya rufe bakin.

Ya shigo gida yana riƙe da hannun nesa da rigarsa. Hajiya ta ce tana ganinsa ta yi salati.

"Yawun kare! Tsaya nan, kada ka taɓa komai."

Ita da kanta ta ɗauko buta. Ta ɗebo ƙasa mai tsabta daga gindin katanga ta sa ya cuɗa hannun da ita, har kan karcewar, sannan ta yi ta zuba ruwa tana ƙirgawa har bakwai, yadda ta taso ta ga ana yi wa abin da kare ya sa wa baki. Da ta gama ta ce masa, "Yanzu ka tsarkaka." Ta gaya mini cewa abin da ke ranta a lokacin la'asar ce ta gabato, kada ya je masallaci da najasa. Shi ma abin da ke ransa ke nan. Ya yi alwala ya fita.

Duna bai daɗe ba bayan haka. Ƙafafun gaba suka saki, wata safiya aka tarar ya mutu. Mahaifinku ya naɗe shi a buhu ya kai lambu ya binne. Ni na kira Habibu na gaya masa, ya ce in ba shi Alhaji. Wayar a buɗe take, ina jin su duka.

"Kun binne? Kan nake so a kai gwaji."

"In tono mushen kare, in yanke kai, in ɗauko a mota? Habibu, ka ji tsoron Allah."

"Wani ya taɓa bakinsa?"

Mahaifinku ya dube ni. Sannan ya ce, "Haƙori ne ya ɗan karce ni. An wanke yadda ya kamata."

A nan na fara ji. Na dubi hannun, ɗan layi ne da bai kai yankan reza ba, har ya fara bushewa. Amma muryar da ta fito daga wayar ba ta Habibun da na sani ba ce.

"Alhaji, don girman Allah, yanzu ba wasa nake ba. Ka tashi ka tafi babban asibiti. Ka ce musu kare ne, ka faɗi kalmar da bakinka. Allurai ne, ba guda ɗaya ba, za su gaya maka ranakun da za ka koma. Yau, Alhaji."

"To, na ji. Ka daina yi mini ihu a kunne."

Ya sa hula ya fita. Ya dawo da auduga a dantse ya ce an yi. Na kira Habibu na ce an yi, muka yi hamdala. Sai daga baya muka san inda ya je. Kemis ɗin unguwa ya shiga, ya ce wayar shingen lambu ce ta yanke shi, aka yi masa allurar tetanus, wadda ake yi wa wanda ƙusa ta soka. Mai kemis ba shi da laifi, abin da aka gaya masa ya yi wa magani. Mahaifinku kuma ba na ce ƙarya ya shirya mana ba. A wurinsa allura allura ce. Babban asibiti layi ne na wuni guda a tsakiyar kasuwar raguna, kuma sai ya tsaya gaban mutane, wataƙila har da 'yan unguwa, ya ce ya zura hannu a bakin kare. Ya zaɓi hanyar da ba sai ya faɗi haka ba, ya kuma yarda a ransa cewa ya cika umarni.

Aka yi Sallah lafiya. Ragunan suka yi kasuwa, ya yi muku ɗinki, ya yanka babban rago. Habibu ya dawo ya zo gaisuwar Sallah, zaure cike da baƙi. Ya kama hannun ya duba, ko tabo babu. Ya tambaya a hankali sau nawa aka yi allurar. Mahaifinku ya ɗaga murya ya ce wa baƙin, "Kun ga likitan awaki, ya gama da ragunan kan iyaka ya dawo kaina." Aka yi dariya. Ƙanin mata ba ya titsiye mijin yayarsa a gaban mutane. Ya saki hannun.

Sai da Sallah ta wuce da makonni, har mun manta da maganar, ya fara sosa gindin babban yatsan nan. Ya ce kamar kiyashi ne ke tafiya a cikin fatar. Washegari ya ce ya kai gwiwar hannu, daga nan kafaɗa. Zazzaɓi ya zo, muka ce na sauro ne, damina ce, aka sayo magani. Ya daina barci sosai, ƙaramin motsi sai ya zabura. Ban haɗa wannan da komai ba.

Ranar da abin ya bayyana, la'asar ce. Na cika masa buta na ajiye a tsakar gida, ya zauna a kujerarsa. Ya wanke hannuwa. Ya kamfaci ruwa zai kai baki ya kurkure, sai na ga wuyansa ya shaƙe, jijiyoyin suka miƙe, ya yi wurgi da butar ya ja baya har ya bugi bango. Ya tsaya yana haki, yana kallon ruwan da ya zube kamar maciji ne. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce bai sani ba. Na ɗebo ruwa a kofi na miƙa masa. Tun kofin bai isa hannunsa ba abin ya sake kama shi, ya fi na farko.

"Rabi, ƙishirwa nake ji. Wallahi ƙishirwa nake ji. Amma ɗauke shi, ɗauke shi daga gabana."

Na tsaya da kofi a hannu. Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. Hajiya ta fito ta ce iskokin lambu ne, ta sa a kunna turare, ta aika a karɓo rubutu. Aka kawo rubutun, shi ma ruwa ne, bai iya ko kallonsa ba. Na shiga ɗaki na kira Habibu.

Ya iso a babur kafin magariba. Bai yi wasa ba, mahaifinku ma bai ce masa likitan komai ba. Ya tsaya ya dube shi, sannan ya ɗauki maficin Hajiya ya ɗan kaɗa iska wajen fuskarsa, sau ɗaya, a hankali. Mahaifinku ya sandare, wuyan ya sake shaƙewa. Habibu ya ajiye maficin ya zauna a ƙasa, a kan simintin da ke jiƙe.

"Alhaji, a ina aka yi maka allurar?"

"Kemis."

"Me ka ce masa?"

"Na ce waya ce."

Habibu ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Na ja shi zaure. Na ce to yanzu sai mu tafi a yi masa allurar ta gaskiya, ko nawa ce, ko a ina take. Ya girgiza kai. Sannan ya yi mini bayani da irin muryar da ake karanta wa mutum saƙon da ba a so. Ya ce ƙwayar cutar nan ba ta bin jini, jijiya take bi. Daga wurin da ta shiga take kama hanya a hankali, ta bi jijiyar hannu ta shiga laka, ta hau zuwa ƙwaƙwalwa. Haka ta yi wa Duna daga cinya, shi ya sa ƙafafun baya suka fara mutuwa. Muddin tana kan hanya, allura tana iya shan gabanta. Duk makonnin nan da muke cin naman Sallah, tafiya take yi.

"Yaya, ta riga ta isa can."

"Ba magani?"

"Sai dai a rage masa wahala."

Na ce ban yarda ba. Mutumin da ya karya da gurasa jiya, wanda yanzu haka yake magana da hankalinsa, yake tambayar ko an rufe sito? Na ce ya kira manyansa, na ce a kai shi duk ƙasar da ake kai mutane. Habibu bai yi mini musu ba, ya bar ni na yi ta faɗa har na gaji. Ku riƙe wannan daga bakina, ku gaya wa 'ya'yanku: in haƙorin kare ya taɓa fatar mutum, ko kare mai lafiya ne a ido, ko na gida ne, a yi ta wankewa da sabulu da ruwa mai gudu, a tafi asibiti a ranar, a faɗi abin da ya faru da sunansa.

Aka kai mahaifinku asibiti, aka ba shi ɗaki shi kaɗai. Aka rufe labule, aka kashe fanka, aka fitar da duk abin da ke da ruwa. Mu da muka yi jinyarsa a gida duk aka fara yi mana allurar, har da Hajiya. Abin yakan taso masa ya yi ta fizge-fizge, sai a yi masa allurar barci. In ya lafa kuma sai ya dawo shi ɗin da kuka sani. Ya san kowa, ya san rana, ya faɗi wanda za a ba amanar lambu. In lokacin salla ya yi sai ya nemi dutse ya yi taimama, ya yi sallarsa a kwance. Wannan shi ne abin da ya fi gigita ni. Da bai san abin da ke faruwa ba, da wataƙila ya fi sauƙi a kalla. Ya sani sarai. Ya kira Habibu ya ce, "Ka faɗa, ban ji ba. Kada ka ɗora wa kanka." Habibu ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Hajiya ta sa aka kawo ta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi autanta, ba ta shiga ba. Da ta juyo ta kama rigar Habibu.

"Ɗan nan, gaya mini gaskiya. Wankin da na yi masa, bai yi ba ke nan?"

Habibu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Hajiya, sallarsa ta yi."

Ta saki rigar. Ba ta sake tambaya ba, a ranar ko bayanta.

Safiyar ƙarshe ya farka da hankalinsa garau, sai dai murya ta dushe kuma ba ya iya haɗiye yawu. Shi da kansa ya roƙi ma'aikatan jinya su ɗaure masa hannuwa a jikin gado, ya ce ba ya son abin ya taso ya ji wa wani ciwo. Suka ɗaure da ƙyalle mai laushi suka fita. Muka rage ni da shi. Yawu yana gangarowa ta gefen bakinsa zuwa gemu, mutumin da ko ɗigon miya bai yarda ya kwana a rigarsa ba. Na manta da duk abin da aka gaya mini. Na kama gefen mayafina na nufi gadon.

"Tsaya nan, Rabi."

Na ce, "Bakinka zan share."

"Na sani. Tsaya nan. Yaran suna bukatarki."

Na tsaya a tsakiyar ɗakin. Ya ce in ɗan matsa wajen ƙofa, inda haske yake, don ya riƙa ganina. Na matsa. Ya yi ta kallona, leɓensa yana motsi da kalmar shahada, ni ma ina yi daga inda nake. Tun ina yarinya aka kawo ni gidansa, ban taɓa jin nisa tsakanina da shi irin na wannan 'yar tazara ba. Wajen azahar numfashin ya tsaya. Sai da ma'aikaciyar jinya ta shigo ta dafa kafaɗata na lura har lokacin gefen mayafin yana dunƙule a hannuna, a bushe.